Kitsen Jini da Ciwon Zuciya: Abin da Aka Gano a Jinin Mazan Southall da Brent

A shekarar 1988 wasu likitocin bincike suka shiga unguwar Southall da ke yammacin Landan, dab da filin jirgin sama na Heathrow, da kayan aikin da ba su taka kara sun karya ba: sikeli, tef ɗin awo irin na tela, na'urar gwajin hawan jini da kwalaben ɗibar jini. Masu shekara 40 zuwa 69 suke nema, galibi maza, wasu daga rajistar likitocin unguwa, wasu daga masana'antu. Mutum zai zo da safe bai karya ba, a ɗebi jininsa, a ba shi ruwan suga ya sha, bayan awa biyu a sake ɗiba. A tsakani a auna tsayinsa da nauyinsa, a zagaya masa tef a ciki da kuma ƙugu. Paul McKeigue da Michael Marmot ne suka ja ragamar aikin, kuma tambaya ɗaya ce ta fito da su: me ya sa ciwon zuciya yake kashe mazan da suka fito daga yankin Indiya fiye da Turawan da suke maƙwabtaka da su, kuma me ya sa yake ɗaukarsu tun da sauran ƙarfinsu?

Southall ta dace da tambayar. Tun shekarun 1950 mutanen Punjab suka fara taruwa a can, da yawansu don aiki a masana'antar roba ta Woolf da sauran masana'antun yankin, daga baya filin jirgi ya ɗebi wasu. Sai kuma Indiyawan Gabashin Afirka suka biyo baya, musamman bayan da Idi Amin ya kore su daga Yuganda a 1972. A arewa maso gabas da su kaɗan akwai gundumar Brent, inda mutanen Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan suka yi kaka-gida tun bayan yaƙin duniya na biyu. Wato ga al'ummomi uku suna shaƙar iska ɗaya, suna zuwa asibitocin gwamnati iri ɗaya kyauta, da yawansu ma aikin ƙarfi iri ɗaya suke yi, amma takardun shaidar mutuwarsu suna faɗin abu daban-daban.

Alƙaluman mace-mace na Ingila da Wales na 1979 zuwa 1983 sun nuna cewa mazan da aka haifa a yankin Indiya suna mutuwa da toshewar jijiyoyin zuciya da ƙarin kashi 36 cikin 100 a kan sauran jama'a, kuma tazarar ta fi faɗi a tsakanin masu ƙananan shekaru. Mazan da aka haifa a Karibiyan kuwa ba su kai ko rabin abin da ake gani a sauran jama'a ba. Ba a Landan aka fara lura da haka ba. A 1959 wani binciken gawarwaki a Singafo ya tarar da cutar a mazan Indiya kusan ninki bakwai na yadda take a mazan Sin. A wannan shekarar dai likitocin kwalejin Makerere a Kampala, Yuganda, suka rubuta cewa da wuya su ga cutar a tsakanin baƙaƙen fata 'yan ƙasa, alhali tana cikin manyan abubuwan da ke kashe Indiyawan garin. An ga irin haka a Tirinidad, da Fiji, da Afirka ta Kudu. Duk inda zaman ci-rani ya kai su, cutar ta bi su.

Laifin da aka fara ɗora wa man shanu

Abin da likitanci ya sani a lokacin ya samo asali ne daga garin Framingham na Amurka, inda a 1948 aka fara bibiyar mutum 5,209, kusan dukkansu farar fata. Daga can aka fitar da manyan masu laifi uku: taba, hawan jini, da yawan kolestarol, wani nau'in kitse, a jini. To sai aka ɗauko wannan ma'auni aka aza a kan Indiyawan Landan, ya ƙi zama.

Kusan rabin mutanen Kudancin Asiya, wato 'yan yankin Indiya, da ke cikin binciken Southall mabiya addinin Sikh ne, kuma addininsu ya haramta taba, don haka ƙalilan ne ke sha. 'Yan Gujarat mabiya Hindu na arewa maso yammacin Landan, waɗanda McKeigue ya yi nazarin abincinsu tun 1985, da yawansu ko nama ba sa ci, kuma kolestarol ɗinsu bai wuce na Turawa ba. 'Yan Bangladesh na gabashin Landan Musulmi ne, ba ruwansu da giya, amma mazansu suna zuƙar taba sosai, kolestarol ɗinsu kuma ya ma gaza na Turawa. Addini daban, abinci daban, harshe daban, amma ƙarin haɗarin yana kan kowa. An yi ta zargin soyayyen man shanun da suke girki da shi, wanda kusan irin namu ne, har a 1987 aka buga wata maƙala a mujallar Lancet da ke cewa suyar da ake yi masa tana gurɓata kolestarol ɗin da ke ciki. Zargin ya yi daɗin faɗa, sai dai bai bayyana dalilin da ya sa waɗanda ke girki da man gyaɗa ko na masara su ma cutar ba ta ƙyale su ba.

A nan ya kamata a tsaya a fahimci abin da takardar gwaji take aunawa, domin a nan duk rikicin yake. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, jini kuwa ruwa ne, saboda haka kitse ba ya yawo cikinsa tsirara. Hanta tana ɗure shi cikin wasu ƙananan ƙunsoshi masu rufin furotin, su ne ke dakonsa. Masu ɗauke da mafi yawan kolestarol su ne LDL, kuma su ne ke kutsawa cikin bangon jijiya su maƙale, shekara da shekaru suna taruwa har hanya ta ƙuntata, ko kuma tarin ya fashe jini ya daskare a wurin. HDL su ne ake wa kirari da masu kyau, don suna kwaso kolestarol su mayar da shi hanta. Sai kuma tirigilisarid, ainihin maiƙon da jiki ke ƙonawa ko ya adana, wanda wasu manyan ƙunsoshi ke fitowa da shi daga hanta.

Gwajin da aka saba yi nauyin kaya yake aunawa, ba ya ƙirga motoci. Tan talatin na masara za a iya loda shi a tirela ɗaya, za a kuma iya raba shi a a-kori-kura ashirin. A kan sikeli duk ɗaya ne, a kan titi kuwa ba ɗaya ba ne. Mutum biyu za su iya fitowa da lamba ɗaya ta kolestarol, amma ɗaya ƙunsoshinsa manya ne kaɗan, ɗayan kuma ƙanana ne birjik, kuma yawan ƙunsoshin ne ke ƙayyade sau nawa za a yi karo da bangon jijiya. Kowane irin wannan ƙunshi yana ɗauke da ƙwayar furotin guda ɗaya tak mai suna apoB, shi ya sa auna apoB ya zama tamkar tsayawa a bakin titi ana ƙirga motoci.

Abin da tef ɗin tela ya tona

Sakamakon Southall ya fito a Lancet a 1991, a kan maza 3,193 da mata 561. Ciwon suga ya kama kashi 19 cikin 100 na mutanen Kudancin Asiya, a Turawa kuwa kashi 4. Wannan tazara kaɗai ta isa ta tayar da hankali. Bayan ita, insulin ɗin da ke jininsu, wato sinadarin da jiki ke fitarwa don daidaita suga, ya fi yawa, kafin shan ruwan sugan da bayansa, tirigilisarid ya fi yawa, HDL ya fi ƙaranci. Jimillar kolestarol kuwa, wadda kowa ya zuba wa ido, ba ta nuna komai ba. A kan sikeli ma ba su fi Turawa ƙiba ba. Tef ne ya tona asirin: kitsensu a ciki yake taruwa, ƙafafu da hannaye sirara, tumbi a gaba. Kuma a cikin kowace al'umma, gwargwadon girman ciki a kan ƙugu, gwargwadon hauhawar suga da insulin da tirigilisarid.

Shekarar da aka fara aikin ce wani likitan Amurka, Gerald Reaven, ya gabatar da laccar da ta haɗa waɗannan alamomi wuri guda a matsayin matsala ɗaya, wadda tushenta shi ne jiki ya daina jin maganar insulin. Southall ta zama kamar an zana ta don misalin wannan bayani. Kitsen da ke kewaye da hanji yana zubar da maiƙonsa kai tsaye cikin jijiyar da ke zuwa hanta. Hanta ta cika, sai ta riƙa fitar da ƙunsoshin tirigilisarid fiye da kima. A cikin jini waɗannan ƙunsoshi suna musayar kaya da LDL da HDL, su ba su maiƙo su karɓi kolestarol. Ƙarshenta HDL ya tsuke jiki ya yi saurin kawar da shi, LDL kuma ya koma ƙanana masu yawa. A takarda lambar LDL tana nan lafiya lau, titi kuwa ya cika da a-kori-kura.

Akwai wani hoto da ya fi dogon bayani. A 2004 likitoci biyu abokan aiki, Chittaranjan Yajnik na garin Pune a Indiya da John Yudkin na Landan, suka buga hotonsu tsaye kafaɗa da kafaɗa. Ma'aunin nauyi da tsayinsu, wato BMI, ɗaya ne cif, 22.3. Da aka auna kitsen jiki, na Yajnik kashi 21.2 ne, na Yudkin 9.1. Gaskiya Yudkin mai gudun dogon zango ne, don haka hoton akwai ɗan zolaya a ciki, amma Yajnik ya riga ya nuna cewa jariran Pune ana haihuwarsu ƙanana, tsoka kaɗan, kitse kuwa bai ragu daidai da haka ba. Abin ya fara tun daga ciki.

Wani zai ce to ai gado ne, sai haƙuri. Wani bincike da aka buga a 1995 ya rufe wannan ƙofa. An gwada 'yan Punjab mazauna yammacin Landan, aka kuma bi sawun 'yan'uwansu na jini da suka rage a gida aka gwada su. Kolestarol ɗin mazan Landan ya kai 6.5 a ma'aunin da ake amfani da shi a Birtaniya, na 'yan'uwansu a Punjab 4.9. Nauyi, hawan jini, suga, apoB, duk na Landan sun ɗara. Uwa ɗaya uba ɗaya, tikitin jirgi ne kawai ya raba su. Abu ɗaya ne bai bambanta ba, wani ƙunshi mai suna Lp(a), wanda ya yi yawa a ɓangarorin biyu fiye da yadda yake a Turawa. Shi wannan gadonsa ake yi, abinci da motsa jiki ba sa taɓa shi sosai. Don haka akwai abin da suka taho da shi a jini, akwai kuma abin da zaman Landan ya ɗora a kai.

Brent: takarda mai kyau, jiki na ciwo

Kashi na biyu na aikin an yi shi a Brent daga 1990 zuwa 1991, inda Nish Chaturvedi ta shigo. Nan baƙaƙen fata aka kwatanta da Turawa, mafi yawansu 'yan Karibiyan, kaɗan daga Afirka ta Yamma. Wannan ɓangaren ne ya fi shafar mai karatun Hausa, kuma shi ne ya fi ɗaure kai.

Su ma ciwon suga ya yi musu yawa, ya ninka na Turawa. Su ma insulin ya taru a jininsu. Hawan jini kuwa sun fi kowa. Bisa lissafin da aka gina a Southall, ya kamata a ga tirigilisarid sama, HDL ƙasa, zuciya kuma tana toshewa. Sai aka ga akasin haka. Tirigilisarid ɗinsu ya gaza na Turawa, HDL ya fi na Turawa, mazansu ba su tara kitse a cikin ciki kamar Indiyawa ba. Binciken da aka yi daga baya a Amurka da Kanada ya nuna cewa sinadarin da ke share maiƙo daga jini ya fi kuzari a jikin masu asalin Afirka. Wato ga ƙin jin insulin, amma bai ja kitsen jini ya bi shi ba.

Da jin haka mutum zai yi hamdala, kuma akwai abin hamdalar. Amma a ganina wannan shi ne wurin da takardar gwaji ta fi yaudara. Likitoci sun saba ɗaukar hauhawar tirigilisarid a matsayin ƙararrawar cewa suga na tafe. Anne Sumner ta cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta nuna a 2005 cewa a jikin baƙaƙen fata wannan ƙararrawa ba ta cika kaɗawa ba: mutum na dab da ciwon suga, tirigilisarid ɗinsa kuwa kamar na saurayi. Sai a duba takarda a ce masa lafiyarka ƙalau, ya tafi gida da hawan jinin da ba a kula da shi ba.

Bayan shekara ashirin

Ƙarfin wannan bincike shi ne ba a tsaya a awon farko ba. An haɗa rukunonin biyu, mutum 4,857, kusan kashi uku cikin huɗu maza, aka sa wa aikin suna SABRE, aka riƙa bibiyarsu ta takardun asibiti da na mutuwa. Daga 2008 zuwa 2011 aka sake kiran waɗanda ke raye. Therese Tillin da Chaturvedi suka fitar da babban sakamakon a 2013, bayan kimanin shekara ashirin da awon farko.

Idan aka ɗauki Turawa a matsayin ma'auni, haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya a mutanen Kudancin Asiya ya ɗara da kashi 70 cikin 100. Na baƙaƙen fata ya gaza da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Da aka juya ga shanyewar ɓarin jiki sai lissafi ya canza: duka al'ummomin biyu sun ɗara Turawa da kusan rabi. An gudu ba a tsira ba ke nan. Kuma ciwon suga ya fi yi musu illa ta wannan fuska, domin mai suga a cikin baƙaƙen fata haɗarin shanyewar jikinsa ya kai ninki uku na wanda ba shi da shi, alhali a Turawa ƙarin kaɗan ne. Kafin su kai shekara 80, kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na Indiyawan da baƙaƙen fatan sun kamu da suga. Alƙaluman ƙasa na wajen 1990 ma sun nuna cewa mazan da aka haifa a Afirka ta Yamma suna mutuwa da shanyewar jiki fiye da ninki biyu na sauran jama'ar Ingila.

Sai abin da masu binciken suka faɗa ba tare da ɓoye-ɓoye ba, wanda shi ya sa nake ganin girman aikin. Sun zuba duk abin da suka auna cikin lissafi, taba, suga, insulin, girman ciki, HDL, LDL, tirigilisarid, matsayin aiki, don su ga ko tazarar za ta rufe. Ta ragu, amma ba ta rufe ba. Girman ciki ya ɗauke wani kaso na ƙarin haɗarin Indiyawa, kyawun kitsen jini ya bayyana wani kaso na rangwamen baƙaƙen fata, saura kuma ya tsaya. Wani nazari na 2006 a kan mazan kaɗai ya ma nuna cewa idan aka yi la'akari da ƙarancin shan tabarsu da matsakaicin kolestarol ɗinsu, mace-macen Indiyawan ya kai ninki biyu na abin da ake gani a Turawa. Hasashen 1991, cewa ƙin jin insulin ne tushen matsalar, ya yi daidai, amma bai cika ba.

Wani babban bincike ya kalli abin ta wata kusurwa. INTERHEART, ƙarƙashin Salim Yusuf, ya tattara masu bugun zuciya na farko kusan 15,000 a ƙasashe 52, ya kwatanta su da masu lafiya. Abubuwa tara suka ɗauki kimanin kashi 90 cikin 100 na haɗarin a ko'ina a duniya, kuma a sahun gaba akwai taba da yawan apoB a kan furotin ɗin HDL. A ƙasashen Kudancin Asiya matsakaicin shekarun bugun farko 53 ne, a sauran wurare kusan 59. Su masu wannan bincike sun ce babu wani sirri, abubuwan da aka sani ne suke taruwa da wuri. Tsakanin wannan da SABRE akwai saɓani na gaske. Nawa ra'ayin shi ne awo ɗaya da aka yi wa mutum yana ɗan shekara hamsin ba zai faɗi shekara nawa jijiyarsa ta yi tana jiƙe cikin wannan jini ba. An gwada yara 'yan shekara tara zuwa goma a makarantun Landan da Birmingham da Leicester, aka tarar tun a lokacin yaran Kudancin Asiya sun fi yawan insulin da tirigilisarid, HDL kuma ƙasa. Wanda ya fara tara datti tun yana firamare, dole bututunsa ya riga na wasu toshewa.

Hujja mafi ƙarfi a kan muhimmancin tsawon lokaci ta fito ne daga jinin baƙaƙen fata. A 2006 Jonathan Cohen da Helen Hobbs na Dallas suka ba da rahoton cewa kashi 2.6 cikin 100 na baƙaƙen Amurka 3,363 da aka bibiya suna ɗauke da wani canji a ƙwayar gado mai suna PCSK9. Canjin ya rage musu LDL da kashi 28 kawai, amma ya rage ciwon zuciya da kashi 88 cikin shekara 15, saboda ragin tun daga haihuwa ne. Daga wannan aka ƙera allurar rage kolestarol da ta shiga kasuwa a 2015. HDL kuwa bai ci irin wannan jarrabawa ba. Maganin da aka yi don ɗaga shi an dakatar da gwajinsa a 2006 saboda mace-mace sun ƙaru, abin da ya sa yanzu ake kallonsa a matsayin alama fiye da garkuwa.

Sunan ƙabila a takardar likita

Kalmomin "Kudancin Asiya" da "baƙar fata" manyan buhuna ne da aka cusa abubuwa iri-iri a ciki. Binciken da Raj Bhopal ya jagoranta a Newcastle a 1999 ya raba Indiyawa da 'yan Pakistan da 'yan Bangladesh, sai ga shi 'yan Bangladesh, waɗanda suka fi talauci, su ne suka fi ƙarancin HDL da yawan tirigilisarid. Marmot da kansa ya yi suna ne wajen nuna yadda matsayin mutum a wurin aiki ke bin sa har kabari, don haka ba a manta da wannan ba. Rangwamen baƙaƙen fatan Landan ma ba wasiyya ba ce da aka rubuta a jini. Baƙaƙen Amurka suna da irin wannan HDL mai yawa da tirigilisarid kaɗan, amma mazansu sun fi farar fata mutuwa da ciwon zuciya. Kuma masu asalin Afirka su ne suka fi kowa yawan Lp(a) a duniya, wanda gwajin yau da kullum ba ya nuna shi. Mazan Brent sahun farko na 'yan ci-rani ne, sun girma a kan doya da kifi da tafiyar ƙasa. A gwajin yaran makaranta da na ambata, LDL ɗin jikokin 'yan Karibiyan ya riga ya kamo na Turawa.

Ta ɓangarenmu ma an ga yadda wurin zama ke juya jini. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka gwada Fulani makiyaya a tsaunukan Jos, waɗanda kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake fitowa, nono da man shanu, suka tarar kitsen jininsu lafiya lau. Mutane ne marasa ƙiba, masu yini a ƙafa. Binciken RODAM na 2012 zuwa 2015 ya kwatanta 'yan Ghana a ƙauye, da birni, da Amsterdam da Berlin da Landan: ƙiba mai yawa a maza ta tashi daga kusan kashi 1 cikin 100 a ƙauye zuwa sama da 20 a Landan, yawan LDL a biranen Ghana kuma ya riga ya yi kusa da na 'yan ci-ranin Turai. Ba sai an hau jirgi ba, motar haya zuwa Kumasi ta isa. Mu kuwa har yanzu idan tumbi ya fito cewa ake yi naira ta zauna. Binciken SIREN kuma, wanda asibitocin Kano da Zariya suke ciki, ya samu hawan jini a bayan kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Ghana, gurɓacewar kitsen jini tana biye da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Hoton Brent ne ya sake fitowa a gida.

A aikace Southall da Brent sun canza abubuwa a ɗakin likita. An daɗe a Birtaniya ana lissafin haɗari da ma'aunin Framingham sannan a ninka da 1.4 idan namiji ɗan Kudancin Asiya ne, gyaran gangar auzinawa dai. A 2008 aka fito da ma'aunin QRISK2 da aka gina da bayanan marasa lafiyar ƙasar, wanda yake tambayar asalin mutum da unguwar da yake zaune. An sauke iyakar BMI da ake fara damuwa da ita daga 25 zuwa 23 ga 'yan Asiya, kuma a 2013 hukumar tsara ƙa'idojin magani ta Ingila ta ce a yi amfani da ita ga baƙaƙen fata ma wajen rigakafin suga. Ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sa asalin Kudancin Asiya cikin abubuwan da ke ƙara haɗari a 2018, sai kuma a 2023 ɗaya daga cikinsu ta fitar da sabon ma'auni da ya cire launin fata gaba ɗaya, bisa hujjar cewa launi ba ya auna abin da ke cikin jini. Turawan Ingila suna tambaya, Amurkawa sun daina, kowa da hujjarsa.

Tef ɗin telan ma ya samu lambobinsa. A 2005 ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙayyade faɗin cikin da ya kamata namiji ya fara taka-tsantsan: santimita 94 ga Bature, 90 ga ɗan Kudancin Asiya. Da aka zo kan mazan Afirka kudu da Sahara, babu wani dogon bincike irin na Southall da aka yi a kansu a gida wanda za a dogara da shi, sai aka rubuta cewa a ara musu lambar Turawa kafin a samu tasu.